Allura Kake Tsoro, Ko Tambaya?

Taubashina na Allakaye, gyara zama, yau da kai nake. Labari ya iso mini cewa masu rigakafi sun shigo gari da akwatin ƙanƙararsu, ka kora yara bayan rumbu, ka rantse gidan babu kowa, alhali ga ƙaramin can yana tari.

Ka ce, "Ka manta abin da aka yi a Kano?" Wa ya manta? A 1996 sanƙarau na cin rayuka, kamfanin Pfizer ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada maganinsa Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu jiki ya shanye. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Kamfanin ya ce an gaya musu, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Dalar Amurka fa, kada ka fara lissafi da dalar kasuwar Buza.

To, na ba ka wannan. Sai dai Trovan ba rigakafi ba ne, magani ne na wanda ciwo ya riga ya kayar. Kuma kukan iyayen nan ɗaya ne: an taɓa ɗansu ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu ba. Su suna faɗa a kan haƙƙin tambaya, kai kuma ka ɗauki labarinsu ka mai da shi hujjar gudu.

Ka ce, "Ai rigakafin ma ana yin na jabu." Kai, yau ka zo da shiri! Bari ma in ƙara maka harsashi. A 1995, a nan Nijar, an yi wa mutum sama da 50,000 allurar sanƙarau ta jabu. To wa ya tona asirin? Ma'aikatan lafiya ne da suka ƙura wa kwalba ido suka ce wannan ruwan bai yi musu ba. Masu tambaya ke nan, ba masu ɓuya ba.

Ɓuyan ma an gwada shi. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har tsakiyar 2004. Cutar ba ta nemi takardar tsallaka iyaka ba, ta bazu ƙasashe kusan 20. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Allurar MenAfriVac kuwa, da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, ta kusan shafe nau'in sanƙarau na A da ya saba ɗibar mutane duk bazara.

Ka ce, "Ni dai ba na sa abin da ban sani ba a jikina." Subhanallahi! Kai ɗin? Kai da ranar kasuwa kake tsayar da mai tiren magani, rana ta dafa ƙwayoyin tun hantsi, ka ce, "Ba ni ja da rawaya guda biyu, na gajiya"? Ba ka san sunansa ba, ba ka san ranar da ya lalace ba, ka kora da ruwan leda. Irin albasa kuwa ba ka saya sai ka ji ko na Galmi ne, gonar wa, girbin yaushe. Ashe albasa ta fi hantarka gata.

Ka ce, "Wani babban malami ya faɗa a WhatsApp." Wane ne? "An dai turo mini." Daga ina? "Daga Abijan." Madalla. Ma'aikaciyar da ka san gidan ubanta ba ka yarda da ita ba, muryar da ba ta da fuska ta zama mufti. Ka tura wa mutum talatin kafin ka gama saurare, ka manta za a tambaye ka haƙƙin duk wanda ya bi ta.

Malam likita, daina dariya, kai ma ga naka. Ka miƙa wa tsoho takarda da Faransanci, ka dangwala babban yatsansa a tawada, ka ce ya yarda. Ya yarda da me? Ka gaya masa da Hausa: ga ciwon, ga maganin, ga illarsa, ga abin da zai faru in ya ƙi. Layi ya yi tsawo, na sani, amma kowane marar lafiya da ka sallama a duhu, ka yi wa mai tire sabon ciniki.

Saboda haka, taubashi, ka je ka tsare likita da tambaya: mene ne wannan, daga ina ya fito, me zai yi wa yarona? In ya amsa, miƙa hannun yaro. In ya ɓata rai, je ka gaba, Madawa ba nisa. Amma a yi adalci: ranar kasuwa ka yi wa mai tire tambayoyin nan uku, ka riƙe kuɗinka har ya amsa. Ina jin a ranar, da kuɗinka za ka koma gida.