Kumatun Aro

Tun ban gama sallama ba na hango wani a teburin mai shayi a Achida ya taɓe baki: "Wanga ɗan boko ya taho hana muna deksa." Kwantar da hankalinka, Baffa, ba ƙwace na zo yi ba. Madubi kawai na riƙo maka.

Ka wuni a duƙe a fadamar Wurno kana dashen albasa, magariba ta yi ƙugu ya riƙe, gwiwa ta kumbura. Yaron kemis ya ƙulla maka haɗi a leda, da 'yar farar ƙwayar nan a ciki, dexamethasone. Da asuba ka miƙe kamar ɗan shekara ashirin. Ban ƙaryata ka ba, maganin yana ci. Tun 1948 likita Philip Hench na Amurka ya gwada kakansa, kotizon, a kan wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta taka da ƙafarta. A 2020 ma binciken Jami'ar Oxford ya nuna deksa ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai can likita ne ke aunawa, kuma ba a wuce kwana goma. Kai fa? Tun girbin bara kake afawa kamar gyaɗa.

Hajiyata ta Rabah, daina dariya, kanki na zo. Biki ya matso, aka ce kin rame, kika aiki yarinya ta sayo "sha ka fashe". Wanda ya raɗa sunan nan dai bai ɓoye miki komai ba. Fuska ta yi tim kamar watan daren sha huɗu, ƙeya ta yi tozo, tumbi ya yi gaba, ƙafafu kuwa sillen kara. Ruwa da gishiri ne jiki ya riƙe, kitse ya yi ƙaura, tsoka ta zube. Man bilicin mai clobetasol shi ma ɗan gidan ne: fata ta yi laushin takarda, nankarwa ta keto, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa.

"Ni dai lahiyata lau." To, yaushe hawan jini da ciwon suga suka fara sallama kafin su shigo? Ƙashi yana cinyewa ta ciki kamar azarar da gara ta samu, yanar ido ta rufe gani, garkuwar jiki ta yi sanyi har tsohon tarin fuka ya farka. In ledar da diclofenac a ciki, gyambon ciki ma yana hanya.

Kai kuma mai zuciya da ka ce yau za ka watsar da shi a masai, tsaya! A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai samar da irin wannan sinadari. In ka haura mako uku kana ɗura na kanti, sai ta miƙe ƙafa, kamar ɗan gida da ya ga an ɗauko 'yan ƙodago. Ka yanke rana ɗaya, jini ya faɗi, amai da suma su biyo, wani ma ba ya tashi. Likita ne ke janye shi sannu a hankali.

Mutanen Goronyo, kuna loda kifin dam a mota zuwa Sakkwato, ku dawo da lemon kwalba. Ku bar na gida mana. Kifi, wake, zogale, furar gero ba tulin sukari, miya ba dunƙulen magi shida, a bar taba, a yi barci, a riƙa miƙe baya tsakanin kunya da kunya. Ba sa aiki dare ɗaya kamar deksa, amma ba sa aiko da takardar bashi. Tafarnuwar Wurno kuwa, ina girmama ta a tukunya, amma mai asma kada ya ajiye abin shaƙarsa dominta.

Baffa, gobe kar ka jefar da ledar nan. Sa ta a aljihu ka kai asibiti, ka faɗa wa likita tun yaushe kake sha, a auna maka jini da suga.