Ƙungiyar Ba-Zan-Iya-Ba da Mambobinta

Shekara huɗu ke nan ina koyar da ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, bayan la'asar, a kan bencinan da 'yan firamare suka tashi suka bar mana. Koyarwar da sauƙi, kamo ɗaliban ne aiki. A yawon roƙon mutane su zo su koyi karatu kyauta na gano wata ƙungiya da ta fi kowace jam'iyya jama'a. Ba ta da ofis, ba ta karɓar kuɗin rajista, kalmar shiga ɗaya ce: ba zan iya ba.

Shugabanta shi ne Baba Mun-Bushe, dillalin hatsi a kasuwar Dawanau. Da ka kawo zancen aji sai ya shafa gemu ya ce, "Yaro, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kam mun bushe." Busasshen iccen nan kuwa yana riƙe da bashin mutum fiye da arba'in a ka: wane buhun gero biyu da tiya bakwai tun kafin azumi, wane ya kawo rabi ranar sunan ɗansa. Na taɓa zama kusa da shi ana lissafin lodin tirela. Yaron shagonsa na danna kalkuleta, shi ya lumshe ido yana motsa leɓe, ya riga na'ura faɗin amsa, har ya tuna wa yaron kuɗin 'yan dako da ya tsallake. Na ce, "Baba, baƙaƙen boko fa duka ba su kai yawan waɗanda kake bi bashi ba." Ya ce, "Su ai ba su ci kuɗina ba."

Mataimakinsa Ɗan Gado ne, mai cewa "ba a yi a gidanmu". Su wanzamai ne kaka da kakanni, aska suka gada, babu alƙalami a zabirar. Kakan nasa dai bai hau babur ba, bai kuma riƙe waya ba, amma a nan gadon bai ce uffan ba.

Sai Mai Sammu. Duk abin da ya gagare shi, kishiyar uwarsa ce, wadda ta rasu tun yana ɗan shekara tara. An binne masa ƙaho a bakin ƙofa, shi ya sa ba ya gane karatu, ba ya riƙe sana'a. Kuɗin da ya kashe a turare da baƙin bunsuru da an tara su da sun sayi keken ɗinki biyu. Ban ce babu sihiri a duniya ba. Na dai lura nasa sammun yana da jadawali: yana kama shi da sassafe lokacin fita nema, ya sake shi daidai lokacin da gidan kallon ƙwallo ya tayar da janareta.

Ma'ajin ƙungiyar, ko da yake asusun babu ko sisi, shi ne Sai-Na-Samu-Jari. Shi ya iya karatu, har da digiri a cikin leda ƙarƙashin katifa. Na roƙe shi ya taya ni koyarwa ya ce sai ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Yana da tsarin kasuwanci mai shafi ashirin wanda ba ya tashi da ƙasa da miliyan biyar. Ka ce ya fara da kaɗan, ya ce ai shi ma Ɗangote rance dangi suka ba shi ya fara a 1977. Yana wannan bayanin ne yana cin awarar maƙwabciyarsa, wadda ta fara da kwano biyu na waken suya, yanzu 'yan mata uku ke taya ta. Awarar ma bashi yake ci.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Hajiya Me-Za-A-Ce. Tana son karatun kamar ranta, amma ina za ta sa kanta in matan layi suka gan ta da littafi, ita mai jikoki? Na ba ta labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, da jajinta, dattawan mata masu shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Na faɗa mata tun 1980, zamanin Abubakar Rimi, Kano ta kafa hukumar ilimin manya saboda irinta. Na kawo mata Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta koma karatu da girmanta, har aka fassara littafinta Alhaki Kwikwiyo aka buga shi a Indiya a 2012. Ta saurara tsaf, sannan ta rera mini taken ƙungiya: "Ai su daban ne, ɗan nan."

Akwai kuma ɗan leƙen asirin ƙungiyar, Oga Kai-Ma-Za-Ka-Iya. Kwat yake sawa a zafin Afrilu, yana ɗaukar bidiyo jingine da motar da ba tasa ba, yana ce wa matasa su yi tunani irin na zaki. Za ka rantse abokin gabar ƙungiyar ne, sai ka bincika ka tarar ko teburin sayar da katin waya bai taɓa kafawa ba. In ya gama lacca yakan ja ka gefe ya nemi na mota.

Kada in cika baki, ni ma ina da katin zama mamba. Tun ranar da wani malami ya kira ni daƙiƙi a aji huɗu, saboda bakwai sau takwas, na yanke wa kaina hukuncin cewa kaina ba ya ɗaukar lissafi. Darasin lissafi a ajina kullum sai "mako mai zuwa".

Hajiya ce ta fara ɓallewa, kuma laccata ba ta da hannu a ciki. Jikanta ne ya kwanta, aka ba su magunguna kala uku, ta rasa wanda zai karanta mata da tsakar dare. Da yaron ya warke sai ga ta, littafi ɓoye a cikin kwanon samira kamar mai kai abincin biki. Bayan wata takwas matan layin da take tsoro su ke sallama da katin awo a hannu, "Hajiya, duba mana yaushe aka ce mu koma." Yanzu huɗu daga cikinsu suna zama a tsakar gidanta da hantsi, ta mai da murfin tsohon firji allo.

Baba kuwa ya zo ne bayan ya gano yaron da ke karanta masa saƙon banki yana karantawa da ragi. Ya kafa sharaɗi: a bencin baya zai zauna, kuma duk wanda ya tambaya a ce ya zo duba aiki ne. Sati na uku ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai lissafin nan na mako mai zuwa, makon bai zo ba?" Na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, gaskiya kaina ba ya ɗauka." Ya miƙe, ya tattara babbar riga a kafaɗa, ya karɓe allin daga hannuna, ya nuna mini gurbinsa a bencin baya. Ya ce, "Zauna can. Buhu bakwai, kowanne dubu takwas kuɗin mota. Nawa direba zai karɓa?"