Masu Sayen Jita Don Sunan Gwani

A farkon kowace shekara kamfanonin ƙera kayan kiɗa kan hallara a garin Anaheim na jihar Kalifoniya domin bajekolin da ake kira NAMM. Can ake yaye lulluɓin sababbin jita da ganguna da fiyano, kuma ba abin da ke tara cincirindo kamar jitar da aka liƙa wa sunan wani shahararren makaɗi. Dabarar ba ta yau ba ce. Tun 1952 kamfanin Gibson ya fito da jita mai sunan Les Paul, a 1988 kuma Fender ya yi wa Eric Clapton tasa. Katako da waya suna da iyakar abin da za a biya a kansu, amma da zarar an ɗora suna, ciniki ya koma wani abu daban. Kamfanonin kuwa sun san masu zuwa da kuɗin, sun san halin kowannensu.

Wanda ya fi saurin faɗawa tarko shi ne almajirin gwani. Waƙa ɗaya da rabi ya iya kaɗawa, amma ya yi imani cewa abin da ya raba shi da Steve Vai kawai shi ne jitar Ibanez JEM, wadda ta fito a 1987 da wani rami da aka huda a jikinta don a riƙa ɗauka. Ya tara kuɗi ya saya, ya kai gida, ya kaɗa, sai ya ji sautin nan dai nasa na jiya. Ba zai zargi yatsunsa ba. Laifin na amfilifaya ne, sai a sayo irin ta gwanin. Daga nan laifi ya koma kan tsirkiya. In kuwa Brian May na ƙungiyar Queen yake bi, sai ya shiga farautar tsohon sisin Ingila, domin da shi May ke kaɗa tasa. Mabiyan Slash har irin doguwar hularsa suke saye, wai ko albarkar tana ciki.

Sai mai sayen tabo, wanda shi ne abin kallo na gaske. Kowa idan ya sayi sabon abu so yake ya gan shi yana ƙyalli, shi kuwa ƙarin kuɗi yake biya a tsufar masa da shi tun daga masana'anta. A 1995 Fender ya fara sayar da sababbin jita da aka goge wa fenti, aka ƙwarzane, aka sa wa ƙarafansu tsatsa da gangan, kuma kasuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Labarin Blackie, jitar Clapton, ya isa misali. Wajen 1970 Clapton ya sayi tsofaffin jitocin Stratocaster na Fender guda shida a wani kanti a Nashville, ya yi wa George Harrison da Pete Townshend da Steve Winwood kyautar ɗaya ɗaya, ya farke sauran ukun ya haɗa guda daga sassansu. A 2004 aka yi gwanjonta a kan dala 959,500. Bayan shekara biyu Fender ya ƙera kwafinta 275, kowace a kan dala 24,000, da kowane ƙwarzane a gurbinsa, har da ƙunar sigarin da Clapton ke maƙalawa a kan jitar idan yana wasa. Aka wawushe su.

Na Eddie Van Halen ma ya fi ban dariya. Shi da kansa ya harhaɗa jitarsa daga sassa masu araha, ya yi mata fenti da zane-zanen salatif, ya ɗaure mata wani kwabon Amurka na 1971 da kusa. Da aka tashi yin kwafi 300 a 2007, a kan dala 25,000 kowace, sai da aka bi aka nemo kwabban wannan shekarar daidai. Mai irin wannan jita ya san adadin tabon da ya biya. Ranar da ɗansa ya ƙara mata guda ɗaya kyauta, gidan ba ya kwana lafiya.

Akwai kuma mai ajiya. Shi ba ya kaɗawa, ba ya kuma bari a kaɗa. Jitar tana cikin akwatinta, akwatin yana cikin kwalin da aka aiko shi, takardar shaida tana cikin leda, na'urar auna laima tana gadi dare da rana. Baƙo na musamman ne ake buɗe wa, shi ma daga nesa, hannu a baya. Hirarsa duk ta gwanjo ce: baƙar jitar David Gilmour da ta kai kusan dala miliyan 4 a 2019, da jitar Martin ta Kurt Cobain da ta haura miliyan 6 a 2020. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne Jim Irsay, attajirin da ya sayi ta Gilmour, kafin rasuwarsa a 2025 yakan fito da kayansa bainar jama'a har ya miƙa wa makaɗa su kaɗa.

Malamin gardama bai cika saye ba, aikinsa hana wasu jin daɗin abin da suka saya. Ya haddace irin katakon da aka yi kowane wuya da shi, yana rantsuwa cewa kunnensa na bambance fenti mai kauri da marar kauri. A wurinsa duniya ta lalace a 1965, shekarar da CBS ya sayi kamfanin Fender, kuma duk abin da aka ƙera bayan nan itacen girki ne. Da John Mayer ya koma kamfanin PRS aka fito da jitarsa Silver Sky a 2018, mai kama da Stratocaster kamar an tsaga kara, malam ya yi wata guda bai huta ba. A miƙa masa jita a ce bismilla, sai ya ce tsirkiyar ba irin tasa ba ce. Yana da abin kafa hujja dai: Leo Fender kansa, wanda ya kafa kamfanin, bai iya kaɗa jita ba.

Maigida mai ɓoyo ya fi kowa dabara. Duk jitocinsa baƙaƙe ne, don kada uwargida ta iya ƙirga su, kuma kowace sabuwa ta aboki ce da ya ba shi ajiya.

Mai jabu ya san abin da ya saya, fatansa kawai kada wani ya sani. Hoto daga nesa yake ɗauka, sunan kamfanin kaɗai ke fitowa sarai. Ba shi kaɗai ba ne a wannan layi, domin a Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka baje jabun Gibson sama da 3,000 da suka kama a tashar jiragen ruwan Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya wuce dala miliyan 18. Maƙwabcinsa mai Epiphone ko Squier, ƙananan ƙannen Gibson da Fender na halal, ba ya jin kunyar kowa, kuma galibi shi ake gayyata wasa.

Na ƙarshe shi ne mai wa'azin yatsa, wanda ke raina duk waɗannan. Sauti a hannu yake, in ji shi, kuma yana da labarai a aljihu. Brian May da mahaifinsa sun sassaƙa wuyan jitarsa Red Special daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki, suka haɗa da sifirin na babur. B.B. King ya kutsa cikin gobara a garin Twist na Arkansas don ceto jitar dala 30, wadda ya raɗa wa suna Lucille. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, yau ga shi yana cika dandali a Turai da Amurka. Duk gaskiya ya faɗa, ba ƙari. Sai dai Gibson ya daɗe yana sayar da kwafin Lucille, Brian May ma yana da kamfanin da ke ƙera kwafin Red Special, kuma mai wa'azin ya riga ya biya kafin alƙalami a kan guda, yana jiran a kira shi ya je ya ɗauka.