Ire-iren Mutanen da Ke Taruwa Idan Rumbun Bayanai Ya Riƙe Tsohon Zance

Manyan manhajojin kasuwanci, irin su SAP ta Jamus da Odoo ta Beljiyam, suna tara lissafin kamfani ne a rumbun bayanai, wato tarin jadawalai masu layuka da gurabe, amma ma'aikaci ba kasafai yake duba jadawalin kansa ba, sai dai ya leƙa ta taga, wadda tambaya ce da aka rubuta aka adana domin ta riƙa tattaro gurabe daga jadawalai da dama tana nuna su wuri guda. A rumbun SQL Server na Microsoft, tagar da aka rubuta da alamar tauraro, ma'ana a kawo dukkan gurabe, tana haddace tsarinsu na ranar da aka ƙirƙire ta, ta yadda idan aka ƙara gurbi a jadawali na farko cikin waɗanda take haɗawa daga baya, alƙaluma kan zame gefe, adadin buhuna ya bayyana a ƙarƙashin farashi ba tare da na'ura ta yi ƙorafi ba. A irin wannan rana ce halayen ma'aikata suke fitowa fili.

Wanda ya fi kowa saurin isowa shi ne Malam Kashe-Kunna, mutumin da ya yi imani cewa babu cutar da kashe saba da sake kunna ta ba ta warkarwa, saba kuwa ita ce babbar kwamfutar da rumbun yake zaune a kanta. Yana da uzuri, domin maganin nasa yakan ci idan tsohon kwafin bayanai ne ya maƙale a ma'ajiyar wucin gadi, wato wurin da na'ura take ajiye abin da take yawan buƙata don ta rage wahalar nema. Sai dai tsarin taga a rubuce yake cikin kundin rumbun, don haka saba takan farka da kuskurenta kamar yadda ta kwanta da shi, shi kuwa sai ya gyara hula ya ce, "Yallaɓai, a bari in ƙara sau ɗaya."

Ƙaninsa a aƙida shi ne Sarkin Shara, wanda ya ɗan yi karatu, kuma karatun nan ne abin tsoro. Ya san umarnin DBCC FREEPROCCACHE, wanda yake goge dukkan tsare-tsaren da rumbun ya tanada na yadda zai amsa tambayoyi, idan kuma a SAP yake aiki ya san /$SYNC, wanda yake kwashe abin da sabar manhaja ta tara. Yakan buga su da tsakar rana, a ƙarshen wata, daidai lokacin da ake haɗa albashi, sai na'ura ta koma tsara kowace tambaya daga tushe, ofis gaba ɗaya ya tsaya cik, alhali farashin yana nan a karkace. Wannan shi ne ƙone rumbu don kashe ɓera, ɓeran ma yana ɗakin maƙwabta.

Akwai kuma Na-Wurina-Lafiya, mai rubuta manhaja, wanda yake juyo da fuskar kwamfutarsa ga duk mai ƙorafi, kuma ba ƙarya yake yi ba, tunda a rumbun gwajinsa an sake gina tagar jiya. Sau da yawa shi ne ya sa tauraron tun farko, abin da ya sa idan an zo batun asalin matsalar yakan tuna cewa bai yi azahar ba. Mai cewa "netwok ne" ba ya buƙatar dogon bayani, domin haka yake faɗa ko da injin shayi ne ya lalace.

Hajiya Akanta ta fi su duka natsuwa, saboda tun ranar da aka kawo manhajar ba ta yarda da ita ba, tana da nata lissafin a Excel wanda take sabuntawa a ɓoye, kuma wannan rana ita ce ranar sallarta. Ba ta cewa komai sai "Allah ya kyauta," amma da muryar wadda shari'a ta ba gaskiya.

Can a ƙurya akwai mai kula da rumbun, wanda ba a gayyace shi taron ba. Yakan gwada gurabun taga da na jadawali, ya ga inda suka saɓa, ya buga sp_refreshview, umarnin da yake sa taga ta sake karanta tsarin jadawalanta, sannan ya cire tauraron ya jera gurabe da sunayensu, wani lokaci ya ɗaure tagar da SCHEMABINDING don rumbun ya ƙi duk sauyin da zai karya ta. Aikin ba ya cin minti biyar, kuma da yake yakan zo daidai da kunnawa ta huɗu, manaja yakan fito ya miƙa wa Malam Kashe-Kunna hannu, ya sa a rubuta sunansa cikin waɗanda za a duba wa ƙarin girma.