Sa'o'in Shagari

Mu a unguwar nan ba ruwanmu da takardar haihuwa. Sai dai ka ji an ce, "Wane sa'ana ne, rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya," ko tsohuwa ta ce tare suka yi goyon wane da wane. Sa'anka kuwa shi ne zai kira ka da sunan yanka gaban 'ya'yanka, ba ka ji haushi ba.

Shi ya sa jiya da dare hira ta yi daɗi a teburin mai shayi, da malamin firamaren nan na bayan masallaci ya ce marigayi Shehu Shagari sa'an Patrice Lumumba ne na Kwango, da Malcolm X na Amurka. Duk haihuwar 1925.

Kawu ya dire kofinsa. "Haba Malam! Lumumba ai yaro ne. Dubi hotonsa da tabarau, ko furfura ɗaya babu."

"Kawu, ai ba a bar shi ya yi furfurar ba," in ji Malam. "A Katanga aka kashe shi a Janairun 1961, yana da shekara 35, watanni kaɗan da zamansa firayim ministan farko na ƙasarsa. Shi kuma Malcolm aka harbe shi a 1965, bai cika arba'in ba, ko shekara bai yi da dawowa daga aikin Hajji ba."

Wurin ya yi tsit. Ni kam abin ya taɓa min zuciya, don Shagari da tsufansa muka san shi, da doguwar hularsa. Ya yi koyarwa, ya yi minista, ya hau mulki a 1979, sojoji suka ture shi a ƙarshen 1983, Allah kuma ya ja kwanansa har 2018, yana da shekara 93. Kai ka ce ya haifi waɗancan biyun, ashe tare suka yi rarrafe.

Halinmu kuwa, da an ambaci shekara sai kowa ya shiga neman nasa. Mai shayi ya ce gyatumarsa ta gaya masa shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka haife shi.

"1956 ke nan," in ji Malam.

"To a duba min su wa muka zo tare, Malam. Shayin gobe kyauta ne."

Kawu dai bai sake ɗaukar kofin ba sai da ya sa muka yi wa mamatan addu'a.