Gudumar Kafinta da 'Yan Gardamar Gindin Tsani

Ka ce wai kafintocinmu ba su da kayan aiki? To gyara zama, Malam, yau da kai nake. Na san inda ka samo wannan magana. A waya ka ga wani Bature ya hau rufi da ɗamara mai aljihu rututu, kowane aljihu da ƙarfensa yana sheƙi. Daga nan ka biyo ta Ƙofar Kabuga za ka kama hanyar Gwarzo, ka ɗaga kai ka hango wani bawan Allah a saman gini, guduma a hannu, fensir a bayan kunne, ƙusoshi a baki, sai ka girgiza kai ka ce an bar mu a baya. Kai da wa? Kai da ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ka ce a kira yaro ya taka kujera.

Mu fara da gudumar da ka raina. Goshinta na buga ƙusa, wannan ko yaron goye ya sani. Juya ta. Ƙahon nan mai tsaga shi ke zare ƙusar da ta karkace, shi ke ɓanɓaro tsohon kwano, shi ke ɗaga katako in za a cusa masa wani abu a ƙasa. In katako ya murɗe ya ƙi hawa layi, a kafa masa ƙusa a kama da ƙahon, a juyo shi har ya yi ladabi. Da ita ake miƙar da ƙusar da ta lanƙwashe, don a hannun kafintan Kano ƙusa ba ta mutuwa sau ɗaya. Ƙotar ma ba a bar ta ta huta ba: ya san tsawonta, da ita yake ƙiyasta tazarar katako da katako kafin ya zaro tef ya tabbatar. Ya ƙwanƙwasa tsohon katako ya kasa kunne, ƙarar ta gaya masa ko gara ta riga shi zuwa. In yaron aikinsa ya shagala a ƙasa wajen mai awara, bugu biyu a kan kwano ya ishe shi kira. Ƙirga mini, aiki nawa ke nan? Ban da ƙwange.

Ka ce ai taura biyu ba ta taunuwa, ƙarfen da ya ce zai yi komai ba abin da zai iya? Madalla, ashe ka iya karin magana. Sai dai a inuwa ka koye ta, a kan tabarma. Na saman rufi lissafinsa daban. Hannu biyu gare shi, ɗaya kuma ba na aiki ba ne, na riƙe katako ne don kada iyalinsa su zauna karɓar gaisuwa. Duk ƙarfen da ya rataya a jiki nauyi ne. Wanda ya ajiye a kan kwano zai zame ya sauko, kuma ba ya tambayar kan wa zai sauka, wataƙila naka ne, tunda kai ne ke tsaye a gindin tsani kana ba da shawarar da ba a nema ba. Wanda ya manta a ƙasa kuwa, hawa da sauka ne a ranar watan Afrilu, lokacin da kwano ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Shi ya sa masu rufi a ko'ina suka dace a kan dabara ɗaya, wato a tara aiki da yawa a ƙarfe ɗaya. A Amurka mai rufi yana da ɗan gatarinsa, gefe ɗaya kaifi, gefe ɗaya goshin guduma, ga ɗan ƙarfen awo a jiki da ke daidaita masa jeri. A ƙasar Wales, inda ake rufi da fallen dutse, gudumarsu tana da tsinin huda dutsen, da goshi, da inda ake maƙale ƙusa a zare. Su in sun yi, ka ce fasaha. Namu in ya yi, ka ce talauci. Haba, Malam, ka ji tsoron Allah.

Na ga bakinka na motsi. Za ka ce to ai dai su suka ƙago, mu kwaikwayo muka yi. A nan kam sai na cire hula na ajiye gefe. Wuƙar nan mai naɗewa ta sojan Suwizalan da kake taƙama da ita a jikin mukullin mota, a 1897 Karl Elsener ya yi mata rajista. Filayar Leatherman mai wuƙa da sukundireba a ciki, a 1983 ta shiga kasuwa. Cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba. Shi kansa kwanon mai tudu da kwari, a 1829 Henry Palmer ya yi masa rajista a Landan, kuma bai fara shigo mana da yawa ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. To kafin nan fa? A fili kakanninka ke kwana ruwa na dukansu? Gidan Rumfa da ke tsaye tun ƙarni na 15, da laima aka rufe shi?

Da azara aka rufe shi, ɗan zamani. Giginya ake sarewa, an fi son namijin don ya fi tauri, a tsaga gangar jikinta gida-gida. Gara ba ta cika yi mata komai ba, abin da katakon da kake saya yau ba zai iya rantsuwa a kai ba sai an shafe shi da magani ko baƙin mai. Amma azara tana da iyaka: in tazara ta haura kusan mita 2, sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Da kai ne, da ka ce shi ke nan, kowa ya haƙura da ɗaki kamar akurki. Su kuwa maginan sai suka riƙa fito da azara daga jikin bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har na wannan bango ya gamu da na wancan a sama. Shi ne bakan gizo. In bakunan suka gicciya aka ɗora rufi mai tulluwa, ga ɗaurin guga. A jera ƙananan azara a kai, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a bi da abin da zai hana ruwa shiga. Shi ma abin hana ruwan, laso, haɗin gida ne: katsi daga ƙasan marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. A bar wa ruwa indararo ya bi ya sauka can nesa da gindin bango.

Da wane kayan aiki aka yi wannan duka? Gatari na sara da tsagawa, sai gizago. Shi gizago bakinsa a gicciye yake da ƙota, don haka ba ya raba itace biyu, fere shi yake. Da shi ake daidaita bayan azara ta kwanta lafiya, da shi ake fiƙe bakinta, da shi ake yi mata gurbi, a juya ƙeyarsa a doka ta ta shiga mazauninta. An sauko daga rufi, shi ne dai zai sassaƙa turmi da akushi da allon da ka yi karatu a kai, har da ƙotar ɗan'uwansa gatari. Maƙerin unguwa ne ya ƙera shi, in ya dakushe a wasa shi a dutse, in ƙota ta tsage a sake wata. Ba batir, ba caji, ba jiran a kawo wuta. Illarsa ɗaya, kuma Bahaushe bai ɓoye ba: gizago ba ka san na gida ba. Mai shi in ya yi sake, ƙaurinsa zai fara ferewa.

Abin da ke ci mini rai a wannan tarihi shi ne, duk wanda ya zo yabon bakan gizo sai ya ƙare a Masallacin Juma'ar Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. To, mun ji. Zage-zagi sun yi abu ɗaya mai kyau, kuma har yau ba su bar mu mun sha ruwa ba.

Ka ce duk da haka da kayan aiki Bature ya ci Kano, kuma ta wannan Ƙofar Kabugar ya shigo? Ashe kana karatu. Haka ne, ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojan Kanar Morland suka shiga ta nan, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Amma ƙarasa labarin mana, kada ka ci rabi ka bar rabi. Sai da suka fara gwada igwarsu a Ƙofar Dukawuya, ganuwar da aka gina da hannu da kwando ta haɗiye harsashin ta yi shiru, sannan suka zagayo Kabuga suka samu sa'ar ƙyauren. Igwa aiki ɗaya ta iya, fasawa. Da aka gama fashe-fashen aka zo batun wurin kwana, wa aka nema? Je ka Nasarawa ka ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a wajen a 1909. Ƙasa ce da azara. Masu gizago ne suka rufa wa Bature asiri.

Yauwa, ga shi ka fara saukowa. Sai dai irinka ba ya saukowa a tsakiya, sai ya faɗa ɗaya ɓangaren. Yanzu kuma ka ce tunda haka ne, bari ka sayi 'yar filayar nan mai naɗewa, mai wuƙa da zarto da almakashi da mabuɗin kwalba, ka hau ka gyara rufinka da kanka, ka huta da kuɗin kafinta. Sannu, injiniya. Zarton da ke cikinta bai kai tsawon ɗan yatsanka ba. Fara yanka tu-bai-fo da shi bayan sallar Asuba, ka aiko mini labari da Magariba. Almakashin cikinta na gyaran gashin baki ne. Shi kafintan da na yi ta yabon gudumarsa, bai taɓa cewa ta isa ita kaɗai ba. Zartonsa na nan dogo, almakashin kwano na nan, igiyar ja layi na nan, don akwai aikin da ba ya son kishiya. Wanda ya ce zai yanka kwano da injin gurza don sauri, zafin ya ƙone ruwan da aka shafe kwanon da shi, tartsatsin ya zauna a kai, damina ɗaya ka ga tsatsa ta yi masa zane. Gwanin shi ne wanda ya san aikin da guduma za ta ɗauka a sama, da wanda dole a gama shi a ƙasa kafin a miƙa. Kuma ko gwanin ba ya hawa shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai wa zai miƙo maka kwano? Uwargida? Ita da tun bara take faɗa maka ɗakin yara na zuba kana cewa sai an yi albashi?

Ka ce to in kafintan ya iya haka, me ya sa naka rufin yake yoyo, me ya sa iskar farkon damina ta kwashe na maƙwabcinka ta kai shi bayan layi? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na san dalili. Wani lokacin laifin mai bugun ne, ba na musu. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake kafa ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. In an doke ta fiye da kima, tudun ya lotsa ya zama tafki. In an yi rowar ɗora falle a kan falle, iska ta turo ruwa ta tsakani. In ba a ɗaure katakon da bango ba da langalanga ko rodi, to rufin aron sa aka ba ka, hadarin gabas zai zo ya karɓi abinsa. Shi ya sa ma gidajen cikin birni da yawa suke ɗaga rawani ya kewaye kwanon, iska ta rasa inda za ta sa hannu.

Amma tsakaninka da Allah, wa ya je Ƙofar Ruwa ya tambayi bandir mafi araha, falle 20 da in ka ɗaga ɗaya yana rawa tun kafin iska ta taɓa shi? Wa aka ce masa alminiyon mai kaurin 0.55 ya fi, ya ce ai 0.45 ma kwano ne, ya kuma nemi wanda bai kai hakan ba? Wa ya je 'Yan Katako a Na'ibawa ya zaɓo ɗanyen katako don ya fi sauƙi, ya bushe a saman gini ya murɗe ya tofar da ƙusoshin? Wa aka rubuta masa adadin ƙusa ya soke rabi da bironsa, wai ana so a cuce shi? Ba na kama suna. Na dai ga kana ta gyara hula.

Ka ce ni ma ai ban taɓa hawa rufi ba? Ka ji ka da wata magana! Ni na ce maka kafinta ne ni? Ɗan gardama ne, kuma a gindin tsanin nan na same ka. Matsa mini in tsaya. Af, kafintan ya leƙo daga sama, ya ce in tambaye ka cikon kuɗinsa na bara.