Halin 'Yan Uwa a Gaban Ambulan

Wasiƙu iri biyu ne ke tona halin Bahaushen da ke zaune a Ingila. Ɗaya daga ƙaramar hukuma take zuwa, wadda kowa ke ce wa kansul, tana neman harajin gida. Ɗayar daga HMRC, hukumar haraji ta ƙasa, cikin ambulan mai ruwan ƙasa, tana sanar da kai lambar da za a riƙa yankar albashinka da ita. Dukansu ta ƙofa ake zuro su, kuma daga yadda mutum ya sunkuya ya ɗauka, ko ya tsallake ya wuce, za ka san da wa kake zaune. Likita ne ko mai gadi, a Landan yake ko a Manchesta, ambulan ba ruwanta da digiri.

Shugaban tawagar shi ne Malam Sai Gobe. Aƙidarsa ita ce wasiƙar da ba a buɗe ba ba ta zama bashi ba tukuna. Yana da ma'ajiya ta musamman a bayan talabijin, inda wasiƙu ke kwance bisa tsarin shekaru. Matarsa ta ce, "Maigida, wannan fa da jan rubutu ta zo." Ya ce, "Ajiye ta wajen 'yan uwanta, bari dai a ga ƙarshen wata." Ƙarshen wata kuwa ba ya ƙarewa a duniya.

Abin da bai sani ba, don yana cikin wasiƙun da bai buɗe ba, shi ne harajin kansul ba ya tafiya da ƙafa, hawa yake yi. A kan raba kuɗin shekara kashi goma, daga Afrilu zuwa Janairu. Ka tsallake wata ɗaya, a ce fam 150, sai takardar tuni ta zo da wa'adin kwana bakwai. Ka yi shiru, sai damar biya kaɗan-kaɗan ta faɗi, a nemi duk abin da ya rage na shekarar a dunƙule. Ka ƙara yin shiru, sai sammaci daga kotun majistare, da kuɗin kotun a kanka. Da zarar kotu ta tabbatar da bashin, kansul na iya miƙa ka ga masu ƙwace kaya, waɗanda su ma ke ɗora nasu kuɗin a kanka: farashin da aka yanka musu a 2014 ya kasance fam 75 don kawai sun rubuto maka, da fam 235 ranar da suka tako ƙofarka. Malam Sai Gobe bai taɓa yin gardama da kowa ba a duk wannan tafiya. Da ladabi ya bi kowane mataki.

Yanzu ga shi ya zama masanin dokar masu ƙwace kaya, ilimin da ya zo masa a makare. Ya san ba su da ikon fasa ƙofar gida a kan harajin kansul, amma ƙofar da suka tarar a buɗe halal ce gare su, haka ma motar da ke bakin titi. Don haka motarsa layi uku take kwana nesa da gida, ya tako sauran a cikin ruwan sama, yara kuma an hore su: ko limamin unguwa ne ya ƙwanƙwasa, sai ya faɗi sunan kakansa. Duk wannan wahala ta fi masa sauƙi a kan ya ɗaga waya tun watan farko ya ce a raba masa kuɗin wata goma sha biyu, abin da doka ta ba shi damar nema.

Amininsa shi ne Alhaji Kada A Ji. Shi yana buɗe wasiƙa, ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun babbar riga. Ba rashin kuɗi ne ke damunsa sosai ba, tsarin rabon ne. Ya aika gudummawar bikin 'yar ƙanwarsa a gida, ya biya kamfanin katin bashi saboda suna kiransa kullum da murya mai daɗi, ya bar kansul don su ba sa kira. Masu ba da shawara kan bashi kuwa akasin haka suke jera abin: kuɗin haya da harajin kansul a sama, katin bashi a can ƙasa, domin mai kati ba ya iya kai ka kurkuku, amma a Ingila wanda kotu ta samu da ƙin biyan harajin kansul da gangan na iya shan ɗaurin da ya kai kwana 90. Yankin Wels ya soke wannan ɗauri a 2019, Ingila ba ta bi sahu ba a lokacin. Ka ce wa Alhaji ya leƙa ofishin ba da shawara na Citizens Advice, kyauta ne, sai ya dube ka sama da ƙasa: "Ni? In wani ya gan ni a layi fa?" Ƙarshenta kansul ta rubuta wa wurin aikinsa a riƙa cirewa daga albashi. Sirrin da ya ɓoye wa mutum ɗaya mai rantsuwar riƙe amana, yanzu yana kan teburin akawun albashi.

Sai Lauyan WhatsApp. Bai taɓa shiga ajin shari'a ba, amma saƙon muryarsa ba ya gaza minti goma sha ɗaya, kuma da "'Yan uwa, a saurara da kyau" yake farawa. Fatawarsa mafi shahara ita ce harajin kansul ba dole ba ne, tunda ba ka sa hannu a wata yarjejeniya da su ba. Dokar majalisa ta 1992 ce ta kafa harajin, ba ta kuma nemi sa hannun kowa ba, kotuna sun sha yin watsi da wannan hujja. Wata rana kuma sai ya juya ya ce wa sabon zuwa ya nemi tallafin rage harajin da ake ba masu ƙaramin ƙarfi, alhali bizar yaron ta hana shi taɓa kuɗin tallafin gwamnati, wannan ragin kuwa yana cikinsu. Shawarar da za ta iya jawo wa mutum matsala a takardun zama, ya ba da ita yana tuƙi. In ka bincika, shi Lauya bankinsa ke tura wa kansul kuɗinta ranar ɗaya ga wata, ba fashi.

Akwai wanda nake jin kunyar yi wa dariya, wato Baba Ɗan PRP. Shi ba mantuwa ba ce, ba kuma tsoro ba, aƙida ce. Yana saurayi lokacin da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, kuma a wurinsa tun ranar aka rufe babin. Ya iso Ingila ya tarar su ma sun yi nasu yaƙin: Margaret Thatcher ta ɗora harajin kai a 1990, aka yi tarzoma a dandalin Trafalgar a ƙarshen Maris na shekarar, kafin shekara ta fita ta bar mulki, a 1993 aka maye gurbinsa da wannan na gida. Ka zauna da Baba zai zayyana maka cewa har yau da darajar gidaje ta 1991 ake lissafi a Ingila, rukuni takwas daga A zuwa H, kuma mai katafaren gida a rukunin H ninki uku kacal yake biya na abin da mai ɗan ɗaki a rukunin A ke biya a ƙaramar hukuma ɗaya. "To ina adalcin, ɗana?" Babu, Baba. Ni ma ina bayanka a wannan. Sai dai majistare ba ya zama don sauraron tarihin gwagwarmaya. Tambayarsa biyu ce, kai ne mai biya, kuma ka biya?

Biyu na wucewa da sauri. Ɗalibin Har Abada ya ji cewa ɗaliban cikakken lokaci ba sa biyan harajin gida, gaskiya ne kuma, sai dai shi ya yi bikin kammala karatu shekara biyu da suka wuce, hotunan hular suna Facebook. Gwauron Takarda kuwa yana karɓar ragin kashi 25 cikin 100 na mai zama shi kaɗai, wanda haƙƙinsa ne a da. Amarya ta iso, an yi walima, an raba goro, kowa ya sani ban da kansul. Ranar da suka gano, daga ranar da ta sauka za su soma lissafi.

Wannan ɓangaren masu riƙe kuɗin hukuma ke nan. A ɗaya ɓangaren, na lambar haraji, sau da yawa hukuma ce ke riƙe da kuɗin mutane, su kuma suna yi mata godiya.

Lambar yawancin ma'aikata ita ce 1257L, ma'ana fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa shi, sai abin da ya haura. Hajiya Haƙuri tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma a takardar albashinta BR aka rubuta, wato a yanki kashi 20 cikin 100 daga fam na farko har na ƙarshe. Lamba ce da aka tanada don aiki na biyu, ita kuwa aikinta ɗaya tal. Yadda abin ya faru ba wuya: ta bar tsohon wurin aiki ba ta kawo takardar barin aiki ta P45 ba, aka ba ta fom ɗin sababbin ma'aikata mai zaɓi uku, ta yi maki a na ukun, mai cewa tana da wani aikin. Kuskuren alƙalami na daƙiƙa ɗaya, farashinsa fam 2,514 a shekara, sama da fam 200 kowane wata. Wannan baiwar Allah za ta tsaya rabin sa'a a shagon nama tana ciniki a kan rabin fam, amma ka nuna mata haruffan nan biyu sai ta yi ajiyar zuciya: "Haka ƙasar take, ɗan uwa. Abin da ba rabonka ba ne, ba ka ci." Rabonta ne, Hajiya, da guminta ma a jiki. In aka gyara lambar cikin shekarar, rarar kan dawo ta cikin albashi. Na shekarun baya ma ana nema, amma shekara huɗu kawai ake waiwayawa, haƙurin da ya wuce nan ya zama sadaka ga baitulmali.

Kishiyarta a hali shi ne Zakin Ofishin Albashi. Ya ga an yanke shi fiye da kima, ya hau bene ya tsaya a kan 'yar akawu yana buga tebur, har da batun wariyar launin fata. Yarinyar ba ta da ikon canza ko harafi ɗaya. Lambar da aka aiko mata take aiki da ita, HMRC kaɗai ke sauyawa, ta waya ko ta manhajarsu, inda mutum zai ga wuraren aikin da aka rubuta masa ya goge wanda ya bari tun bara. Zaki ya san wannan. Amma a waya sai an jira layi, kuma babu teburin bugawa.

Mai Sa'a shi ne wanda kuskure ya faɗo ta gefensa. Aiki biyu yake yi, kowanne da 1257L, wato an ba shi kason da ba a taɓawa sau biyu. Ya lura sarai. Ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ya ja bakinsa ya yi shiru, har ya canza mota. Shekarar haraji ta ƙare ranar 5 ga Afrilu, kwamfuta ta haɗa lissafi, takardar P800 ta iso. Bashin da bai kai fam 3,000 ba yawanci ta cikin lambar shekara mai zuwa ake karɓarsa, don haka wanda ya ci kaso biyu bara, bana kusan babu ko ɗaya. Yanzu shi ne ke zagaya majalisa yana tambaya ko akwai wanda ya san lauya. Akwai mana, yana WhatsApp.

Kada a manta da Mai Jiran Ganima. Tun da ya ji an mayar wa wani fam ɗari takwas, ya tabbata nasa na hanya. Duk saƙon waya da ya ce kana bin gwamnati kuɗi, danna nan ka sa lambar banki, shi ne farkon dannawa, ko da yake hukumar ta sha nanata cewa ba ta neman bayanan banki ta irin wannan saƙo. Da ya ji ana rage haraji ga masu wanke kayan aikinsu a gida, ya ba wani kamfani wuƙa da nama su nema masa, su cire kasonsu. Adadin gama-gari fam 60 ne a shekara, ragin da ke cikinsa ga mai biyan kashi 20 kuwa fam 12. Ya riga ya yi wa ƙaninsa alkawarin babur.

Daga ƙarshe akwai Anti Mai Fayil, wadda ba a son zama kusa da ita a wurin suna. Tana da kowace takardar harajin shekara ta P60 tun shekarar da ta sauka a ƙasar, cikin leda mai lamba. Gaisuwarta ita ce, "Ina kwana, ya yara, ka duba lambarka ta bana?" Ana gulmarta da rana, da dare kuma a yi sallama a ƙofarta, Alhaji Kada A Ji ma ya taɓa zuwa, da hular sanyi har gira. Za ta zaunar da kai, ta ba ka shayi, ta ware na gaggawa daga na jira, ta sa ka kira masu ba da shawara kan bashi na StepChange a gabanta, ta gaya maka akwai tsarin da aka fara a 2021 mai tsayar da masu bin bashi kwana 60 ka samu ka numfasa. Ba ta karɓar ko kwabo. Ladanta shi ne wa'azin minti arba'in da za ka sha, ba kuma damar duba agogo.

Mijinta ne kaɗai ke biyan ta. Da yake aikinta na 'yan sa'o'i ne, albashinta bai kai 12,570 ba, sai ta tura masa fam 1,260 daga kasonta bisa tsarin ma'aurata. Lambarsa ta koma mai M a ƙarshe, tata mai N, harajinsa ya ragu da fam 252 a shekara. Kowace 6 ga Afrilu, bayan karin kumallo, takan miƙa hannu.

"Haba Hajiya, ba aljihu ɗaya ba ne?"

"Aljihu ɗaya ne, Alhaji. Lamba ce biyu."